Daga Hausari: Ajiyar Mutane Da Shugabannin Banki

 A wannan mako ina so mu duba wani al'amari wanda ya shafi aljihun kowa, mai shi da marashi, watau yadda shugabannin bankunan ƙasar nan suke riƙon dukiyar da jama'a suka damƙa musu. Abin da ya jawo maganar kuwa wata hira ce da muka yi da wani dattijo a nan unguwar Hausari, a gindin wani dogon-yaro, bayan an sauko daga sallar La'asar. Dattijon nan ya shafe fiye da shekara arba'in yana fataucin banda daga Baga zuwa Kurmi, kuma tun ina yaro na san shi da rufin asiri.

Ran 10 ga watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye babban yanki na Maiduguri, ambaliyar ta shiga rumfarsa da ke kusa da Kasuwar Monday, ta tafi da wani akwatin ƙarfe wanda a ciki yake adana jarinsa. Da yake ba ni labari sai na ce masa, "Haba Baba, a wannan zamani kuɗi masu yawa haka a cikin akwati? Ina ma ka kai su banki?" Sai ya dube ni, ya yi murmushi irin na manya, ya ce, "Ɗana, ai na taɓa kaiwa. Wata safiya na tafi in ɗebo kuɗin da zan sallami masunta, na tarar an garƙame ƙofa, an manna takarda, 'yan sanda suna gadi. Na yi shekaru ina zarya, abin da aka ba ni daga ƙarshe bai taka kara ya karya ba. Wannan na ruwa na san hukuncin Allah ne, na haƙura. Wancan kuwa mutane ne masu kwat da laktaye, waɗanda nake gaisawa da su kullum."

Ban sami abin da zan ce masa nan take ba. Da na koma gida na yi ta juya maganar, sai na ga cewa hasarar dattijon nan ta biyu 'yar ta farko ce. Wanda ya ci amanarsa a banki shekarun baya shi ne ya koya masa ajiya a cikin akwati, akwatin kuma ruwa ya tafi da shi. Haka kuma lokacin da gobara ta cinye Kasuwar Monday ran 26 ga watan Fabrairu na 2023, wanda duk ya bar kuɗinsa a shago a wannan dare ya wayi gari da toka. Saboda haka cin amana a banki ɓarnarsa takan wuce adadin kuɗin da aka sace, domin takan kori mutane daga banki gaba ɗaya, su koma binne kuɗi da ɓoye su a ƙarƙashin katifa.

AJIYA A HANNUN FATOMA

Mu mutanen Hausari ba baƙi ba ne ga sha'anin ajiyar dukiyar wani. Tun da aka kafa Yerwa a 1907, Shehu Abubakar Garbai ya zauna da fadarsa a nan, fatake suke sauka a wannan unguwa da zangonta, daga Kano da Katsina da Damagaram, wasu kuma alhazai ne masu bin hanyar gabas a ƙasa. Kowane baƙo yana da fatomansa, watau maigidan da yake sauka a wurinsa. Fatoma shi ne zai ba baƙo masauki, ya nema masa mai saye, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, ya kuma ajiye masa kuɗinsa har ranar da zai tashi. Sau da yawa ba takarda ba sa hannu, sai kalma da shaidu.

Me ya sa wannan tsari ya daɗe yana aiki? Dalili shi ne kowa yana ganin fatoma. An san gidansa, an san abin da yake ci, an san rigar da yake sawa. In aka wayi gari ya sayi ingarman doki alhali cinikinsa bai kai haka ba, kafin Azahar magana ta zaga zango. In ya ci kuɗin baƙo ɗaya, labari zai riga shi isa Kano, daga nan ba wanda zai sake sauka a gidansa, kuma 'ya'yansa ma sai sun sha wuyar samun aure. Jarin fatoma sunansa ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Da bankin Bature ya zo, irin wannan yarda ce mutanenmu suka kai masa. Ana ba da labarin cewa lokacin da Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano a 1929, Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa lodin raƙuma 20. To banki ma fatoma ne, sai dai gidansa ya fi girma. Ya kamata kowa ya fahimci cewa kuɗin da masu banki suka zuba da hannunsu ɗan kaɗan ne in aka kwatanta da abin da yake juyawa. Mafi yawan kuɗin da manaja yake ba da rance da su na mai sayar da banda ne, da malamin makaranta, da tsohon ma'aikaci mai jiran fansho, da matar da take tara kuɗin kayan ɗakin 'yarta. Bambancin kawai shi ne mai ajiya a Maiduguri ba ya ganin manajan darekta da ke zaune a Ikko, bai san gidansa ba, bai san dokin da ya saya ba. Idon jama'a wanda yake tsare fatoma ba ya isa can. Abin da ya rage ya tsare ajiyar shi ne halin shugaban, da kuma dokokin da aka kewaye shi da su.

CIWON YA DAƊE

Duk wanda ya bi tarihin bankunan Nijeriya zai ga cewa ciwo ɗaya ne yake ta dawowa. A farkon shekarun 1950 an yi ta buɗe bankunan 'yan ƙasa barkatai, akasarinsu kuma suka mutu cikin 'yan shekaru kaɗan da kuɗin mutane a ciki, abin da ya sa aka kafa dokar banki ta farko a 1952. A 1956 aka naɗa kwamitin bincike na Foster-Sutton domin ya duba yadda aka zuba kuɗin Gwamnatin Jihar Gabas a African Continental Bank, bankin da yake da alaƙa da kamfanonin Firimiyan jihar, Dokta Nnamdi Azikiwe. A 1962 kwamitin Coker ya yi irin wannan bincike a Jihar Yamma, inda sunan National Bank ya fito. Watau tun kafin Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga watan Yuli na 1959 da kuma jim kaɗan bayan haka, an riga an ga haɗarin da ke akwai in mai iko da banki shi ne kuma mai cin bashinsa.

Bayan da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, aka sassauta ba da lasin, yawan bankuna ya tashi daga kimanin 40 zuwa kimanin 120 cikin 'yan shekaru. Da yawansu ba don ajiya da rance aka kafa su ba. Sana'arsu ita ce su sayi kuɗin ƙasashen waje da araha daga hannun Gwamnati su karkatar da su kasuwar bayan fage. Bankunan da gwamnatocin jihohi suka kafa kuwa, sai aka mayar da su tamkar baitulmalin gwamna da 'yan kwangilarsa, a ci bashi a ƙi biya, gwamnati ta sauya, wadda ta gaje ta ta ce ba ta san zancen ba. Da abin ya yi tsanani Gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa dokar soja mai lamba 18 ta 1994, aka buɗe kotuna na musamman, aka tsare manyan ma'aikatan banki da masu cin bashi da dama. Duk da haka a watan Janairu na 1998 aka soke lasin bankuna 26 a rana ɗaya. Mu ma nan Borno ba mu tsira ba, domin Premier Commercial Bank mai hedkwata a Maiduguri an soke lasinsa a watan Disamba na 2000. A wancan lokaci kuwa iyakar abin da inshora take lamunce wa mai ajiya naira 50,000 ne, sauran sai abin da aka samu bayan an sayar da kadarorin banki.

A watan Yuli na 2004 Gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, ya ce lalle kowane banki ya ɗaga jarinsa daga naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25. Kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. A nan ne Bank of the North, wanda iyayenmu suka yi alfahari da shi tun zamanin Sardauna, ya narke cikin Unity Bank tare da waɗansu bankuna takwas. Aka ce yanzu bankuna sun yi ƙarfi, ba sauran fargaba. Ashe girman jari ba ya sauya halin mai riƙe da mabuɗi. Shekara huɗu ba su cika ba, ran 14 ga watan Agusta na 2009, sabon Gwamnan Babban Banki, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sallami shugabannin bankuna biyar, watau Afribank da FinBank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba musu naira miliyan dubu 420 don kada su durƙushe. A watan Oktoba aka sallami na Bank PHB da Spring Bank da Equitorial Trust Bank, jimlar kuɗin ceto ta kai naira miliyan dubu 620.

YADDA AKE YI

Mai karatu zai iya tambaya, shin yaya mutum yake sace kuɗin banki alhali akwai akantoci da masu binciken kuɗi da na'urori? Amsar ita ce babbar satar banki ba da bindiga ake yin ta ba, kuma ba a ɗaukar kuɗi a buhu. Da sunan rance ake yin ta. Darekta ko manajan darekta zai yi rajistar kamfani da sunan ƙaninsa ko surukinsa ko ma direbansa, kamfanin da ba shi da ofis ba shi da ma'aikaci, iyakarsa takarda da hatimi. Kamfanin ya nemi rance. Takardar ta zo gaban ƙaramin ma'aikaci, wanda ya san ko kamfanin wane ne, ya kuma san cewa in ya cika tambaya gobe zai ga takardar canjin wurin aiki ko ta sallama. A ba da kuɗin ba jingina, ko a karɓi takardar filin da bai kai ushirin bashin ba. In lokacin biya ya zo sai a sabunta bashin, a rubuta kuɗin ruwan da ba a karɓa ba a matsayin riba, a buga wa masu hannun jari littafi mai sheƙi a ƙarshen shekara, a raba ribar da babu ita. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru, har ranar da masu ajiya za su zo neman kuɗinsu a tarar rumbu ba tsaba.

Ba ƙirƙira na yi ba. A lakcar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a watan Fabrairu na 2010, Malam Sanusi ya bayyana yadda wasu shugabannin bankuna suka kafa kamfanonin boge suna ranta wa kansu kuɗin masu ajiya, suna sayen hannun jarin bankunansu don farashi ya tashi, suna kuma sayen gidaje a ƙasashen waje. Kotuna ma sun tabbatar da wani sashe na wannan. A watan Oktoba na 2010 Misis Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar Oceanic Bank, ta amsa laifi, aka yanke mata ɗaurin wata shida, ta kuma sallama kadarori na kimanin naira miliyan dubu 190. A watan Yuni na 2021 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke wa Mista Francis Atuche, tsohon shugaban Bank PHB, hukuncin ɗauri a kan naira miliyan dubu 25 da miliyan 700, bayan shari'ar da ta ci kimanin shekara goma. Da ɗan gari akan ci gari.

To wa ya biya? Kuɗin ceto daga Babban Banki suka fito, watau dukiyar al'umma. A 2010 aka kafa hukumar AMCON don ta sayi matattun basussukan bankuna, ta yi shekaru tana bin manyan mutane kotu-kotu. Dubban ƙananan ma'aikatan banki waɗanda ba su ci ko anini ba suka rasa aikinsu. Mutanenmu da suka sayar da shanu da filaye suka sayi hannun jarin banki a 2007, lokacin da ake ta yayata cewa arziki ya zo, suka wayi gari da takardun da ba su da daraja.

Kada a ɗauka wannan cuta ta baƙar fata ce kaɗai. A Ingila akwai wani banki mai suna Barings wanda aka kafa tun 1762. A watan Fabrairu na 1995 ya rushe saboda hasarar fam miliyan 827 da ma'aikaci guda, Nick Leeson, ya jawo a reshensu na Singafo. Dalili kuwa an bar shi shi ne mai ciniki, shi ne kuma mai rubuta lissafin cinikin, manyansa a Landan suna ganin riba a takarda ba su tambayi inda take fitowa ba. Daga ƙarshe aka sayar da bankin a kan fam ɗaya tak. Ko'ina a duniya, in aka bar mutum ɗaya da mabuɗi da littafi, an ba kura ajiyar nama.

SHUGABAN DA MUKE BUKATA

A ganina ana gane shugaban banki na kirki da abubuwa kaɗan waɗanda ba su da wuyar faɗi, sai dai wuyar aikatawa.

Na farko, ya haramta wa kansa da iyalinsa da abokansa abin da ba zai ba baƙo ba. Doka ta riga ta ce darekta ya bayyana duk wata alaƙa da yake da ita da mai neman rance, ta kuma hana banki ya ranta wa mutum ɗaya fiye da kashi 20 cikin 100 na jarin masu hannun jari ba da iznin Babban Banki ba. A watan Fabrairu na 2025 Babban Banki ya umarci duk darektan da yake da bashin da ya ƙi biyuwa a bankinsa ya sauka daga kujerarsa. Umarni ne mai kyau, amma abin kunya ne a ce sai an rubuto wa dattijo takarda kafin ya san cewa bai dace ya zauna yana yanke hukunci a kan bashin da shi ne ya ci shi ba.

Na biyu, ya iya cewa a'a ga mai iko. Gwamna zai aiko, minista zai bugo waya, ɗan majalisa zai zo da kansa da dare. Ranar da shugaban banki ya ba da rance saboda girman rawanin mai nema, ba don ingancin sana'arsa ba, ran nan ya fara haƙa wa bankinsa kabari. Ƙananan ma'aikata kuwa suna kallo. In sun ga maigida yana karɓar mota a matsayin gaisuwa daga ɗan kwangila, to manajan reshe zai nemi kashi goma daga manomin da ya zo neman rancen taki, mai ba da kuɗi a kanta shi ma zai nemi na goro. Mun ga misalin haka a farkon 2023 lokacin canjin takardun naira, jama'a suna kwana a layi, aka kama wasu ma'aikatan banki sun ɓoye sababbin kuɗi. Wannan al'ada ta gaisuwa ga masu iko Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ta cikin miyagun ɗabi'un mulki a littafinsa Kitabul Farƙi, fiye da shekara 200 ke nan, amma har yau ba mu rabu da ita ba.

Na uku, ya yarda a bincike shi. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma shugaban da ba ya son bincike bai cancanci riƙon ajiyar mutane ba. Tun 2006 ƙa'idar Babban Banki ta hana mutum ɗaya ya haɗa kujerar shugaban hukumar darektoci da ta manajan darekta, kuma a 2010 aka sa wa manajan darekta wa'adin shekara 10. Daga baya an yi wa adadin gyara, amma wa'adin yana nan. Hikimar ita ce kada mutum ya daɗe har ya ɗauka bankin gadon gidansu ne. Sai dai hukumar darektoci ba ta da amfani in abokan maigida ne suka cika ta, suna zuwa taro su karɓi alawus su sa hannu su tafi. Mai binciken kuɗi na cikin gida ma, in maigida ne yake da ikon korarsa, to bakinsa a ɗaure yake. Kamata ya yi rahotonsa ya riƙa zuwa kai tsaye gaban darektocin da ba su da hannu cikin gudanarwa.

Na huɗu, ya kare ma'aikacin da ya tona ɓarna. Tun watan Disamba na 2016 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin ba da lada ga wanda ya tona asirin satar dukiyar jama'a. Amma yaron da yake da mata da 'ya'ya ba zai buɗe baki ba in ya san cewa wanda zai kai wa ƙara shi ne ɓarawon, ko abokin ɓarawon. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma kusan kullum akwai wani ƙaramin akawu da ya ga tsagar tun tana ƙarama ya yi shiru don tsoro.

Mai sa ido a kan bankuna shi ma dole hannunsa ya zama tsarkakakke. Babban Banki shi ne alƙalin wannan kasuwa. A watan Yuni na 2023 aka dakatar da Gwamnansa, Mista Godwin Emefiele, daga baya aka gurfanar da shi gaban kotu bisa tuhumce-tuhumcen da ya musanta. Hukunci na kotu ne, ba nawa ba. Abin da zan ce kawai shi ne duk ranar da jama'a suka fara shakkar alƙali, to gyaran sauran ya yi wuya. Haka kuma umarnin da Babban Banki ya bayar a watan Maris na 2024 cewa manyan bankuna masu hulɗa da ƙasashen waje su kai jarinsu naira miliyan dubu 500 abu ne mai amfani, amma darasin 2009 ya isa ya tuna mana cewa jari ba ya maye gurbin gaskiya.

NAMU LAIFIN

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin da Babban Banki ya buga sunayen manyan masu cin bashi a jaridu a watan Agusta na 2009, ba talakawa aka gani a ciki ba. Manyan attajirai ne da masu faɗa a ji, waɗanda ake ba kujerar gaba a kowane taro. Akwai mutane a cikinmu da suke ganin bashin banki ganima ce, wanda ya biya shi ne wawa.

Sannan mu duba yadda muke yi wa ɗanmu in Allah ya ɗaukaka shi ya zama manaja. Tun daga ranar za a fara sallama a ƙofarsa. Wannan yana son rance ba jingina don suna unguwa ɗaya, wancan yana son a ɗauki ɗansa aiki ba jarrabawa, ƙungiya tana son ya zama babban baƙo ya ba da gudummawar da ta fi albashinsa na shekara. In ya ƙi, a ce ba shi da zumunci, ya manta asalinsa. In ya yi, a yi masa kirari, a naɗa masa rawani, ba wanda zai tambayi inda kuɗin suka fito. Kakanninmu a zango suna tambayar inda fatoma ya samo doki. Mu kuwa sai mu taya shi murna, mu roƙi a ɗana mu. Muddin mai gaskiya yana komawa gida bayan ritaya ba mai gaishe shi, wanda ya kwashe ajiyar marayu kuma ana rububin ɗaukar takalminsa, to muna koya wa yaranmu da ke aikin banki darasin da ba doka da za ta goge shi.

Bayan kwana biyu na koma wurin dattijon nan. Na gaya masa cewa abubuwa sun ɗan sauya, domin hukumar inshorar ajiyar banki, watau NDIC, wadda aka kafa a 1988, ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci daga naira 500,000 zuwa naira miliyan 5 a 2024, kuma da aka soke lasin Heritage Bank ran 3 ga watan Yuni na shekarar, da wannan sabon adadi aka biya masu ajiya. Na ba shi shawara, wadda ita ce nake ba duk mai karatu, cewa ya mayar da kuɗinsa banki, ya raba su gida biyu ko uku, ya tabbatar bankin yana da lasin da inshora, ya riƙa duba lissafinsa a kai a kai, in ya ga an cire abin da bai gane ba ya tambaya, in ba a saurare shi ba ya kai kuka Babban Banki, wanda yake da reshe a nan Maiduguri. Ya kuma guji duk wanda ya zo masa da alkawarin ribar da ta wuce hankali.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na ji, ɗana, zan kai wani abu in gani. Amma ka gaya wa manyan nan, in suna karanta jaridarku, cewa kuɗin da suke gani a takarda gumin mutane ne. Ni na san dare nawa na kwana a bayan mota a hanyar Baga kafin in tara nawa." Na yi masa alkawari zan isar, ga shi kuwa na isar.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya ba mu ikon girmama mai gaskiya tun yana da rai. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.